Ranar da Balaraba ta Nuna Yaya da Yatsa

Na san abin da aka faɗa muku game da tashinmu daga Likoro. An ce muku a kan gonar fadama muka ɓata da Baffanku Idi, wai ni na nemi a raba gado, shi ya ƙi, na yi fushi na kwashe iyalina na taho Ikara. Na ji wannan labari a bakin mutane har ya tsufa, ban taɓa gyara shi ba, domin lokacin Yaya Idi yana da rai, kuma ba na so a ce ina tona wana a garin mutane. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma kunne ya tafi, gwiwa tana shirin binsa, to gara in rubuta muku da hannuna tun ina iyawa. Ba gona ba ce. Gonar tana nan, 'ya'yansa ke noma ta, ko kunya ɗaya ban taɓa nema ba. A kan 'yar'uwarku Balaraba muka rabu, tana da shekara uku da 'yan watanni, kuma ita kanta ba ta san haka ba sai ranar da ta karanta wannan.

Kada wanda ya ɗauka Yaya mugu ne. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya yi mini aure da uwarku Hanne, tukunya ɗaya muke ci, gona ɗaya muke nomawa. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai son girma, kuma ya cancanci girman. Shekarar da rake ya yi mana albarka ya sayo injin niƙa, ya kafa masa rumfa a gefen gida, ya ɗora ni a kai, don a cewarsa ban taɓa yin kunya ɗaya miƙaƙƙiya ba tun da na fara riƙe garma. Gaskiya ya faɗa. Noma bai karɓe ni ba, amma inji ya karɓe ni, har na kai da jin kukansa kawai na san bel ya saki ko gas ya kusa ƙarewa.

Wanda bai yi aikin inji ba bai san cewa muna da yarenmu ba. In inji ya tashi, ko ihu kake yi wanda ke gabanka ba ya ji, saboda haka da hannu ake ciniki. Mace ta miƙo ƙwaryar masara, ka murza babban yatsa a kan sauran, kana tambaya a yi laushi? In ɓarza take so, ta dunƙule hannu ta girgiza. Ka buɗe tafi ka jawo shi wajen ƙirjinka, wato a ƙara. Ka kifa tafi ka danna ƙasa, ya isa. Ka karkata hannu kamar mai tsiyaya daga buta, ruwa ke nan, na masu markaɗe. Amma akwai abu ɗaya da kowane mai inji yake yi ba tare da an koya masa ba: ba ma rufe baki. Hannu yana yi, baki yana faɗar kalmar, ko da ba wanda zai ji, domin mai niƙa tana kallon hannunka tana kallon leɓenka, ɗaya yana gyara ɗaya. Na yi shekaru ina haka ban taɓa tunanin wani abu ne ba.

Balaraba ita ce ta uku a ɗakinmu. Yayyenta biyu tun kafin yaye bakinsu ya buɗe, har sai an ce su yi shiru. Ita kuwa ta yi rarrafe a kan kari, ta yi tafiya a kan kari, amma magana babu, ko Inna ba ta cewa. Ji kuwa tana ji sarai, don in aka taɓa murfin kwano a can ƙuryar ɗaki za ta juyo. Abin da ya fi damunmu shi ne kuka. In tana son abu ba a gane ba, sai ta faɗi ƙasa tana birgima tana buga kai, a miƙo ruwa ta ture, a miƙo tuwo ta ture, har uwarku ma ta zauna ta taya ta. Gidanmu kuwa babban gida ne, kowa da maganinsa. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce gado ne daga dangin uwa, uwarku ta ce a nuna mata bebe ɗaya a danginsu. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe bakin kowa ya taru a kan linzami, wato jijiyar nan ta ƙarƙashin harshe, aka ce ita ta ɗaure mata baki, a kira wanzami ya yanke.

A wannan shekarar uwarku tana da ciki, ba ta iya fama da ita, sai yarinyar ta riƙa bina rumfar inji. Ina ajiye ta nesa, gindin mangwaro, wajen matan da ke jiran layi. Wata rana da azahar na kashe inji, na sayi ɗanwake, na zuba mata kaɗan a murfi. Ta cinye, ta dube ni. Ina jiran kukan da na saba, sai na ga ta buɗe ɗan tafinta ta jawo shi wajen ƙirji. Na tsaya da loma a hannu. Ta sake yi, tana kallon kwanon. Ban san sanda bakina ya yi abin da ya saba ba, na yi mata hannun na ce, ƙara? Na ƙara mata. Da ta ƙoshi ta kifa tafi ta danna ƙasa, ta tashi abinta. Ashe duk kwanakin nan da take gindin mangwaro karatu take yi, mu muna can muna neman mai magani. Wallahi ranar na yi farin cikin da ban yi ba ranar da aka haife ta.

Daga nan na mai da shi aiki. Ruwa, tuwo, zo, tafi, barci, zafi, kowanne na ba shi hannunsa, wasu na inji, wasu na ƙirƙira, kuma kowane lokaci ina faɗar kalmar tare da hannun. Ba wayo ba ne, sabo ne. Da la'asar in na rufe rumfa mukan zaga ta bayan gida, ita tana nuna abu da yatsa ta dube ni, ni ina faɗar sunansa. Ta nuna kaza, in ce kaza. Ta nuna rumbu, in ce rumbu. Tafiyar da ba ta fi taku ɗari ba sai ta ci mana rabin awa. Kafin wata biyu birgimar nan ta ragu ƙwarai, uwarku ma ta koyi hannun, ɗakinmu ya samu lafiya.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista ce daga kudancin Kaduna, muna ce mata Maman Rifkatu, takan kawo niƙa ranar Talata. Ita ta lura da mu, ta tambaya, na ba ta labari har da maganar wanzami. Ta gutsuro mazarƙwaila ta shafa wa yarinyar a leɓen sama, nan take harshe ya fito ya lashe tas.

“Malam Sale,” in ji ta, “harshen da ya kai nan ba a ɗaure yake ba. Kar ka bari a sa mata aska. Abin da kake yi ka ci gaba, amma ka riƙa durƙusawa ta ga bakinka, kuma in ka faɗa ka yi shiru ka jira ta. Kai ba ka jira.”

Ta kuma ce in kai ta Zariya a duba kunne don a tabbata. Na kai ta, aka ce kunne lafiya lau. Maganar jira kuwa gaskiya ta faɗa, mai inji ba ya jira, na sha wuya kafin na koyi riƙe bakina.

Mutanen gida ba su so abin ba. Suna cewa ina koya mata maganar kurame, wai in hannu ya saba biyan buƙata baki ba zai taɓa motsi ba. Yaya kallo kawai yake, har ranar da surukansa suka zo daga Makarfi a kan maganar auren babban ɗansa. An shimfiɗa musu tabarma a ƙofar zaure, dattawa huɗu da wani saurayi da ya tuƙo su, Yaya yana tsakiya cikin babbar rigarsa. Mu kuma mun taso daga zagayenmu, ban san an yi baƙi ba. A gefen zauren akwai jakin da muke ɗaukar taki da shi, a ɗaure. Balaraba ta nuna shi ta dube ni. Ku kun san muryata, inji ya cinye mini kunne tun ina saurayi, abin da nake ɗauka raɗa ce ana jinsa a masallaci. Na buɗe baki na ce jaki. Kafin baƙin su juyo, yarinya ta riga ta gama da jaki, ta ɗauke yatsa ta ɗora a kan Yaya, ta miƙe hannu sosai tana jiran in faɗa mata sunansa. Abin da suka ji da abin da suka gani ke nan. Saurayin nan dariya ta ƙwace masa, ya toshe baki da hula.

Ko ba jaki, kun san a wurinmu yaro ba ya nuna babba da yatsa. Yaya ya miƙe, ya tako, ya kaɗe hannun yarinyar da bayan hannunsa, ya koma ya zauna ya ci gaba da magana da baƙinsa kamar ba a yi komai ba. Ba duka mai zafi ba ne. Amma ba ta yi kuka ba, ta tsaya tana kallon hannunta, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Washegari da safe na je na durƙusa na ba shi haƙuri, kuma har yau ina ganin ya cancanci wannan haƙurin, don na kunyata shi a gaban surukai. Ya saurare ni har na gama.

“Na ji, Sale,” ya ce. “Amma wasan nan ya ƙare. Daga yau ba mai amsa mata hannu a gidan nan. In tana son ruwa ta ce ruwa. Ranar Asabar wanzami zai zo.”

Na ce, “Yaya, an duba harshen, ba abin da ya same shi.”

“Wa ya duba?”

Na faɗa masa. Ya ce shi bai san mai kawo niƙa ta fi wanzamin da ya yi mana kaciya sanin bakin yaro ba, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na bi umarninsa. Kwana uku na bi. Ban taɓa saɓa wa Yaya ba tun ina yaro, kuma na ce wa kaina wataƙila su ke da gaskiya, wataƙila ƙishi ya buɗe bakin. Ranar farko ta yi hannun ruwa, uwarku ta kau da kai tana hawaye, ana ce mata ce ruwa, ce ruwa, har ta faɗi tana birgima, sannan aka ba ta. Rana ta biyu haka. Ta zo wurina a rumfa ta yi mini hannun zo, na yi kamar ina gyaran bel. Rana ta uku, Alhamis, na shigo cin abinci na tarar da ita zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta. Ba kuka, ba birgima. Na ajiye kofin ruwa a gabanta, ta kalli kofin, ta kalle ni, ba ta zaro hannun ba. Yarinyar da ta samu hanyar magana ɗaya tak a duniya, mun taru mun toshe, kuma har da ni ubanta. Kunyar da na ji a lokacin ba ta sake ni ba har yau.

Ban ci abincin ba. Na wuce gona na samu Yaya yana duba dawa, na gaishe shi, na ce ina roƙon arziki a janye maganar wanzami, kuma a bar yarinya ta yi hannunta. Na yi alkawarin ba za ta ƙara nuna kowa ba.

“Da ni da kai wa ke riƙe da gidan nan?” ya tambaya.

“Kai ne, Yaya.”

“To muddin a gidan nan take kwana, Asabar za a yanke. Ba zan zuba ido ka mai da 'yar ƙanena bebiya ba.”

Na lura da abin da ya ce. Shi ma tsoron da nake ji yake ji, hanya ce ta bambanta. Amma ni na ga hannuwan nan a ƙarƙashin cinya, shi bai gani ba.

Na ce, “To, Yaya, ba za ta kai Asabar a gidan ba.”

Bai ɗago ba. Ya ce in bar masa makullin rumfar inji a zaure.

Da na faɗa wa uwarku, na ɗauka za ta yi gardama, ga ciki wata takwas, ga ba mu da ko tabarma a wani gari. Tambaya ɗaya ta yi, ko na tabbata. Na ce ban tabbata yarinyar za ta yi magana ba, amma na tabbata ba za a sa mata aska ba. Ta tashi ta fara haɗa kwanuka. Ranar Juma'a da hantsi muka shiga mota zuwa Ikara, wurin kawun uwarku, ya ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidansa. Na bar inji, na bar rumbu, na bar gidan da aka binne cibiyata. Ni da nake da rumfata, na koma yi wa wani aiki a bakin kasuwa, yaron da na girme shi da shekara goma yana aike na. Bikin ɗan Yaya aka yi ba a gaya mini ba. Da aka haifi ƙanen Balaraba na aika Likoro, ranar suna mata suka zo, shi bai zo ba. Kada ku ɗauka abin bai yi mini zafi ba, na rame a shekarar nan har wando ya daina zama.

Hannun ma bai dawo da wuri ba. Sai da muka yi kusan sati uku ina durƙusawa gabanta ina yi mata ruwa, ina yi mata ƙara, tana kallona kawai, kamar tana auna ko za a sake kaɗe ta. Ranar da ta zaro hannu ta yi wa uwarku ruwa, uwarku ta kawo mata har da randa don murna. Muka ɗora daga inda muka tsaya. Nuni kuwa ban hana ba, na dai koya mata ta nuna mutum da buɗaɗɗen tafi, yatsa na kaji ne da jakuna. Wata biyar da zuwanmu, muna cin wake da shinkafa, ta jawo tafi wajen ƙirji, na ce ƙara, na yi shiru na jira yadda aka koya mini. Ta sake yin hannun, sai na ji wata 'yar murya ta ce “ara”. Ni da kunnena ya lalace, na ji wannan. Na dubi uwarku don in tabbata, na ga ta rufe fuska da gefen zane.

Haka kalmomin suka riƙa zuwa, kowace tana bin bayan hannunta. Ruwa ta zo, zo ta zo, Inna ta zo. Abin da na lura kuma, wanda nake so masu cewa maganar kurame su ji, shi ne duk kalmar da ta zauna a bakinta sosai, da kanta take yar da hannun, ba wanda ya ce ta bari. Ban ce haka kowane yaro yake ba, ni ba likita ba ne, kuma wanda ɗansa ya yi jinkiri ya kai shi a duba. Amma tawa na gani da idona, hannu bai hana ta magana ba, shi ya jawo maganar. Kafin ta cika biyar tana haɗa zance, tana kai ƙarar yayyenta, har da ƙari a kan abin da suka yi.

Da Babbar Salla ta zagayo, shekara biyu da tashinmu, na ce lokaci ya yi. Na yi sati ina koya mata gaisuwa, na ɗauke ta mu biyu muka tafi Likoro. Muka tarar da Yaya a ƙofar zaure, ya sauko daga sallar Idi, mutane biyu uku a gefensa. Na yi sallama, na gefen suka amsa. Na durƙusa na ce Yaya barka da Salla, ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon hanya. Sai na tura ta gaba.

Ta durƙusa yadda na koya mata, amma da ta ɗaga ido ta gan shi, bakin ya ƙi. Na ga leɓen yana rawa, ba abin da ya fito. Na ce a raina shi ke nan, yau zai ce ga abin da ya faɗa. Na so in sa mata baki, na danne, na jira. Can sai hannunta na dama ya taso a hankali, ta buɗe tafi ta miƙa shi wajensa, a gaban kowa. Yaya ya kalli hannun. Carbin ya tsaya.

“Baffa,” ta ce, “barka da Salla. Mun same ku lafiya?”

Ya ajiye carbin. Sannan ya miƙo hannu ya kama tafin nan, ya riƙe shi a nasa.

“Lafiya lau, Balaraba,” ya ce. “Barkanmu dai. Ina uwarki?”

Ta ce tana gida da ƙanenta, ta ce yaron ba ya jin magana, ya ce haka ƙanne suke. Ya zaunar da ita a gefensa, ya sa aka kawo mata nama, suka yi ta hira har azahar, yawancinta ita ke yi. Ni ina durƙushe a inda nake, ba wanda ya ce in tashi, ba wanda ya ce in zauna. Da za mu tafi na ce Yaya mun tafi, ya ce wa yarinyar ta gai da gida.

Bai taɓa cewa na yi daidai ba. Na ji ma ya gaya wa wani cewa da an yanke da tuni ta yi magana. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, kowace Salla ina zuwa in durƙusa, gaisuwata ba ta taɓa samun amsa daga bakinsa ba, sai dai ya amsa ta Balaraba ya tambaye ta ko mutanen gida suna lafiya. Na so ƙwarai ya kira sunana ko sau ɗaya kafin ya tafi, bai kira ba, kuma na yi kukan wannan a bakin kabarinsa. Amma da za a mai da ni gonar dawar nan ranar Alhamis, a sake tambayata, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Wana na rasa, 'yata kuwa da bakinta ta gaishe shi.